Hoton Idon Lauya

Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka, da aiki da gajiyarsa. Mu nan sai godiyar Allah. Kafin ka ce me ya hana ni kiranka a waya: a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Tunda direban motar magani zai kawo maka memorin hotunan da ka ce in aiko, gara in haɗa masa da takarda, in faɗi abin da ke bakina ba mai katse ni.

Da farko dai, na gode. Ka karanta da kyau, don ba kullum za ka samu wannan daga wurina ba. Lokacin da ka bar karatu ka koma gyaran waya a ƙarƙashin laima, ka san irin maganganun da na yaɓa maka, kuma ban janye ko ɗaya ba sai yau. Ranar da akwatin nan ya iso, wata guda ke nan, na buɗe na ga wata 'yar aba kamar murfin kwalba da ake maƙala wa waya. Na kira ma'aikatana na ce, "Ku zo ku ga abin da ƙanina da abokan aikinsa suka shafe shekara uku suna ƙerawa." Muka sha dariya. Yanzu kuwa ba mai taɓa ta sai ni, makullin kabad ɗin ma a wuyana yake.

Ka san matsalarmu a ɗakin yara. Za a kawo yaro a sume, jiki zafi zau, a gwada jini a ga ƙwayar maleriya. To amma a daminar nan ko ni ka gwada za ka samu. Abin tambaya shi ne, maleriyar ce ta hau kai ta sumar da shi, ko wani ciwon ne ya laɓe a bayanta? Likitan ido ne ke iya leƙa can cikin ido ya ga fararen tabban da maleriya mai tsanani ke bari, mu kuwa rabonmu da likitan ido tun kafin a sake wa asibitin nan fenti. Yanzu sai in ɗiga wa yaro maganin buɗe ƙwayar ido, in jira minti ashirin, in sa a ja labule, in kara kyamararku. Sai ga cikin idon a fuskar waya, jawur, da jijiyoyi kamar saiwar bishiya. Ranar farko sai da na nemi kujera na zauna. Shekara goma sha tara ina aikin jinya ban taɓa ganin wurin nan ba.

Yara goma sha ɗaya na ɗauka zuwa yau, kuma duk sha ɗayan sun nuna farin tabo irin na katin misali da ka haɗo. Likitanmu, wanda da farko ya ce kayan wasan yara ne, yanzu shi ke cewa, "Sista, ɗauko mana idon ƙaninki." Ina lallaɓa ta kamar jaririya. Bayan kowane yaro sai na goge ta tas da auduga da sipirit, yadda nake yi wa duk abin da ya kusanci majiyyaci. Ka san ni da tsafta. Gilashin canjin da ka sako kuma yana nan cikin ledarsa, ban ɓare ba.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne ta goma sha ɗayan. Ka tuna mai wankin asibitinmu, doguwar matar nan da ta wanke ka tas ranar da ka jingina babur a sandar shanyarta? Shekara goma sha huɗu muna aiki tare. 'Yarta ce, mai shekara shida, wadda muke kira Lauya saboda ba a gama magana da ita. In ka ce mata ta zauna sai ta ce wa ya ce, in ka ce kai ne sai ta ce kai wa ya ce maka. Ran Juma'a da safe uwar ta shigo da ita a kafaɗa tana jijjiga, kumfar sabulu ma ba ta bushe a hannun uwar ba. Jini ya nuna maleriya, hoto ya nuna tabo. A da mukan haɗa wa irin wannan yaro magani biyu, na maleriya da na sanƙarau, har sai an ɗebi ruwan baya an tabbatar. Amma Likita ya kalli hoton ya ce abu ya fito fili, ba sai an soki bayan yarinya ba. Aka tsayar da na sanƙarau bayan allurar farko. Ban yi musu ba, ni ma abin da na gani ke nan.

Yau kwana uku. Sauran yaran sukan fara motsi a na biyu. Lauya tana gado na shida yadda aka kwantar da ita, zazzaɓin ko gezau. Uwar takan yi wanki, ta shanya, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta tambayata komai. Ka sa yarinyar nan a addu'a.

Ka duba hotunan in ka samu sarari, ba gaggawa. Ka gaida matarka, ka ce mata ta daina barinka kana ramewa.

Yayarka

*

Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi miki sannu da aiki, da fatan wannan takarda ta same ki da ƙarfin jiki.

Shekaranjiya na ɗaga miki murya a waya, ko gaishe ki ban yi ba. Ki yafe mini. Abin da na iya cewa kawai shi ne ki cire gilashin, ki ɓare sabon, ki sake ɗaukar yarinyar yanzu-yanzu. Kika kashe kafin in yi bayani. Tun daga nan na kira sau uku ba ki ɗaga ba, saƙonki ɗaya ne: "Ina aiki." To ga bayanin a rubuce.

Direba ya iso da la'asar. Na karanta wasiƙarki sau biyu, don godiyarki ba abin karantawa sau ɗaya ba ce, har na nuna wa na teburin kusa da ni. Sannan na sa memorin a kwamfuta. Ke kina ganin hotunan ne ɗaya bayan ɗaya, a ƙaramar fuskar waya, da kwanaki a tsakani. Ni kuwa allona mai faɗi ne, sai na jera duk sha ɗayan. Ukun farko daidai suke, tabon kowa da inda yake. Daga na huɗu sai na ga wani fari-fari can sama ta hagu. Na biyar, nan dai. Na shida, nan dai, siffa ɗaya, sai dai ya ƙara fitowa. Yaya, cuta ba ta zaɓar kusurwa guda a idon yara takwas. Na koma kan wasiƙarki na nemo layin auduga da sipirit.

Abin da muke kira gilashin nan roba ce. Da gangan muka yi haka, don in da irin na manyan asibitoci ne da bai taɓa isowa ɗaki irin naku ba. An shafa wa robar wani siririn magani a sama don kada haske ya yi ƙyalli, shi kuma sipirit cinye shi yake yi. Jiya na ɗauki sabo na goge shi sau ashirin yadda na san hannunki, da ƙarfi, a zagaye, sannan na sa aka ɗauki idona da shi. Ga hoton nan na buga miki. In da za a bi ta tasa, ni ma maleriya ta hau kaina, alhali ina tsaye ina shan shayi.

Laifin namu ne. Mu shida ne a ɗakin aikin nan, ba ma'aikacin jinya ko ɗaya. Mu da busasshen ƙyalle muke goge gilashi, tun ina gyaran waya haka hannuna ya saba, kuma bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa akwai mai yin wani abu daban. Takardar bayani shafi huɗu ce, ni na rubuta ta da hannuna. Na faɗi yadda ake caji, yadda ake maƙalawa, har yadda ake riƙe waya. Ban faɗi yadda ake gogewa ba. Ke kin yi abin da aka koya miki ne, kuma shi ne abin da ya dace da duk abin da zai kusanci idon yaro.

Na aiko sababbin gilasai biyar da ƙyallayensu. Akwai kuma 'yan zobban roba da ake sawa a bakin kyamarar, su ne za su riƙa taɓa fuskar yaro. Su kam ki cire ki dirje su da sipirit yadda ranki ke so.

Don Allah ki gaya mini halin da Lauya ke ciki. Ban san fuskarta ba, amma cikin idonta yana kan allona tun ran Litinin, na kasa rufewa.

Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara miki haƙuri da ni.

Ƙaninki

*

Alhamis

Auta,

Na amsa gaisuwarka, kaya sun iso. Direba na sauke kwalaye, ya ce awa ɗaya zai ba ni, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun.

Tana da rai. Na fara da wannan don na san idonka zai riƙa tsallake layi yana nema. Ba ta farka ba tukuna.

Ba fushi ya hana ni ɗaga wayarka ba, muryarka ce ba zan iya ji ba. Lokacin da ka kira ina rabon maganin yamma. Na ajiye tiren, na buɗe kabad, na yage ledar sabon gilashin da haƙori. Na ɗiga mata maganin, minti ashirin ɗin nan a kanta na yi su ina kallon agogon bango. Na kara kyamarar. Auta, idon yarinyar nan fes yake, ba tabo ko ɗigo. Na ɗauki na dama, na ɗauki na hagu, na sake maimaitawa. Sannan na mayar da tsohon gilashin na ɗauki tafin hannuna, sai ga tabon can sama ta hagu yana kallona.

Na samu Likita a bakin motarsa zai tafi gida. Na nuna masa hotunan biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Me ya samu na farkon?"

Na ce, "Ni na goge gilashin da sipirit."

Ya ce, "Ni kuma na tsayar da magani saboda hoto guda, alhali an gaya mana gwaji ake yi. Mu je."

Ya jefa jakarsa a mota muka koma. Na kwantar da ita a gefe na lanƙwasa ta, ya ɗebi ruwan bayan. Abin da ya kamata ya fito garau kamar ruwan famfo ya fito a gurɓace. Sanƙarau ne. Kafin rana ta faɗi allurar ta shiga jikinta. Maleriyar tana cikin jininta da gaske, amma ba ita ta kwantar da ita ba.

Na san za ka tambayi sauran yaran. Takwas sun riga sun koma gida da ƙafarsu, na aika an duba su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Biyun da ke kwance na sake ɗaukarsu da sabon gilashi. Nasu tabban na gaske ne, a warwatse, kowa da nasa wurin, kuma suna samun sauƙi. Wato abarku tana aiki. Ranar da na bar ta ta faɗi gaskiya, cikin minti ɗaya ta ce mana ba nan ba ne, mu nemi ciwon a wani wuri. Ba don kai ka zauna ka jera hotunan nan ba, da har yau muna ɗura wa yarinya maganin ciwon da ba shi ke kashe ta ba. Godiyar da na yi maka tana nan, na ma ƙara.

Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ba don hoton farko ba da ba a tsayar da maganin ba. Kwana uku, Auta. Ka ce laifinku ne, na ji. Ni ce dai na ga yara takwas a jere da tabo wuri ɗaya ban tsaya na ce anya ba, saboda ina jin daɗin abin ƙanina yana aiki. Ni da nake hana ɗalibai sakat in sun rubuta zafin jiki iri ɗaya sau biyu.

Zazzaɓin ya fara sauka jiya. Yau da safe na matse mata farce ta janye hannu. Likita ya ce alama ce mai kyau, amma bai ce komai ba kan yadda za ta tashi, in ta tashi.

Uwar ba ta sani ba. Na ce mata dai an sake gwaji, an gano wani ciwon, an canja magani. Ta kama hannuwana biyu ta ce, "Sista, Allah ya biya ki, ba don ke ba da ban san yadda za a yi ba." Jiya ta kawo mini fararen rigunan aikina a wanke a goge, har da wadda ban ba ta ba, a bayan ƙofar ofis ta ɗauko. Na kasa sa su, ta shekaranjiya ce har yanzu a jikina.

Direba na danna ham. Ka ci gaba da addu'a.

Yayarka

*

Lahadi

Yaya,

Barka da war haka, sannu da ƙoƙari. Wasiƙarki ta same ni. Na tsaya a kan "tana da rai" na daɗe kafin in ci gaba, kin san ni sarai.

Akwai abin da ban faɗa miki ba a waccan takardar don hankalina yana kan Lauya. Tun ran Talata da safe na kai wa shugabarmu hotunan. Mace ce marar yawan magana. Ta kalla, ta cire tabarau, ta ce kowa ya ajiye abin da yake yi. Ban da naku, asibiti huɗu ne ke gwada na'urar. Muka raba lambobi muka hau kira, tambayarmu ɗaya: da me kuke gogewa? Uku suka ce da sipirit mana, da me kuma? Wata ma haushin tambayar ta ji, ta ce ko mun ɗauke su ƙazamai ne. Ba wanda ya taɓa gaya mana, don ba wanda ya ga abin faɗa ne. Ke kaɗai kika rubuta, ke ma don ki yi mini fankamar tsafta. To fankamar nan taki ta kai ga yaran da ba za ki taɓa gani ba. An karɓo tsofaffin gilasan duka, an kuma sake jaddada wa kowa cewa kada a tsayar da wani magani saboda hoto kaɗai.

Shugabar ta ce in roƙe ki abu biyu. Ki duba mana da jan biro sabuwar takardar bayanin da na sako. Na ce mata wannan ba sai an roƙe ki ba. Na biyu, ki bar mu mu zo mu wuni a ɗakinku, ba don mu koya wa kowa komai ba, mu zauna a gefe mu kalli hannuwanku kawai. Da mun yi haka shekara uku da suka wuce da ba a zo nan ba.

Maganar maman Lauya kuwa, ban isa in ce miki ki faɗa ko kada ki faɗa ba. Ke kika san ta, ke za ki ci gaba da haɗuwa da ita kowace safiya. Roƙona ɗaya ne. In za ki faɗa, ki sa ni a ciki. Kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai, ba naki ba ne ke kaɗai.

Ki ci abinci, ki kuma canja rigar nan. Matata na gaishe ki, ta ce ramar gado ce ba laifinta ba.

Ƙaninki mai ƙaunarki

*

Alhamis

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ka ga saƙona na ran Talata, kalma biyu: "Ta farka." Ka yi ta kira har na ɗaga, muka yi hamdala tare, ka kashe. Ga sauran labarin.

Da hantsi ne, ina canja mata ledar ƙarin ruwa. Sai na ji an ce, "Wa ya ce a ɗaure mini hannu?" Muryar a dishe kamar ta tsohuwa. Na duba, ga ido biyu a kaina cike da tuhuma. Na ce, "Likita ne." Ta ce, "Ya tambaye ni?" Na fita a guje, ni da nake hana gudu a ɗakin nan, na kirawo uwar. Abin da ya biyo baya ba zai rubutu ba.

Jiya na faɗa wa uwar. Na same ta a bayan ɗakin yara wajen igiyoyin shanya tana kwashe zannuwan gado. Na tsara maganar tun a hanya, da na isa duk ta watse. Na ce, "Maman Lauya, akwai abin da ban gaya miki ba." Na faɗa mata duka, gilashin, sipirit ɗin, hoton ƙarya, maganin da aka tsayar, kwana ukun. Na sa ka a ciki yadda ka ce, Likita ma ya ce in sa shi. Amma na gaya mata hannun da ya riƙe audugar nawa ne.

Ba ta daina aikinta ba. Ta ciro zani daga igiya ta karkaɗe, ta ce, "Me ya sa kike gogewa?"

Na ce, "Don kada ciwon wani yaro ya shiga idon wani."

Ta ce, "Da ba ki faɗa ba, wa zai faɗa mini?"

Na ce, "Babu."

Ta miƙo mini bakin zanin ta ce, "Riƙe." Muka ninke shi, muka ninke na biyu, har igiyar ta ƙare. Ta ɗora su a ka ta wuce. Yau da safe na gaishe ta, ta amsa, amma ba ta dube ni ba. Ban ga laifinta ba. Abin ya yi mini ciwo, amma na fi jin sauƙi a raina fiye da ranar da take sa mini albarka.

Akwai wani abu kuma. Gado na shida ƙofa tana hagunsa. In na kira Lauya daga bakin ƙofa ba ta juyowa, in na zagaya ta wajen taga sai ta amsa. Na gwada sau uku ba ta lura ba, a na huɗu ta ce me ya sa nake zagaye ta kamar mai neman abin da ya faɗi. Likita ya rubuta takardar tura ta gwajin kunne da zarar ta ƙara ƙarfi. Wannan ban bar shi ya kwana a cikina ba, a take na gaya wa uwar.

Jiya an kawo wani yaro a sume. Na ɗauke shi da sabon gilashi, na ga tabbai, na kira Likita muka kalla tare, aka kuma ba shi magani biyun har aka ɗebi ruwan bayansa. Nasa maleriyar ce. Yau ya buɗe ido. Na goge gilashin da busasshen ƙyalle, hannuna na ƙaiƙayi, amma na daure.

Ga takardar bayaninku nan, ja ya fi baƙi yawa. Ku zo ƙarshen wata, ku zo da takalma masu tsafta. Ɗazu direba ke gaya mini maman Lauya ta tambaye shi ko shi ne ke kai wa ƙanina takarda. Ban san me take nufi ba, ban kuma tambaye ta ba.

Allah ya yi maka albarka, Auta.

Yayarka

*

Litinin

Zuwa ga ƙanin Sista,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka da abokan aikinka. Ni ce mai wanki, maman Lauya. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da ruwa.

An sallame mu sati biyu ke nan. Tana ci, tana tafiya, ta koma gardamarta. Mun je babban asibiti an gwada kunne. Na hagu ya tafi, sun ce ba zai dawo ba. Na tambayi likitan ko da ba a tsayar da maganin ba zai tsira. Ya ce bai sani ba, ciwon yakan yi haka ko an fara da wuri. Na yi kuka. Na yi fushi da yayarka sati guda, ba zan ɓoye maka ba, tunda ita ba ta ɓoye mini ba. Jiya tare muka ci abincin rana.

An ce kai ka zauna ka jera hotunan yaran da ba ka sani ba har ka gane. An ce da ka kira yayarka ko gaishe ta ba ka tsaya yi ba. Na gode da rashin gaisuwar nan. 'Yata ɗaya ce, kuma tana nan.

Sista ta ce za ku zo ƙarshen wata. Ka biyo ta wajen shanya, ina so Lauya ta ga wanda nake ba ta labari. In ka zo ka tsaya mata ta dama. Ba sai ka ɗaga murya ba, tana ji sarai.

Allah ya saka maka da alheri, ya raya naka.

Maman Lauya